Da Ƙarfe Nawa Ka Karɓi Fitsarin?

A daren wata Laraba, ina ɗakin hutun likitoci ina jiran kira, wayar ɗiyar yayana ta shigo. Tana aji huɗu a jami'a, sashen nazarin ƙananan halittu, kuma tun tana firamare a Malam Madori ba ta da wani buri sai likitanci. Bayan gaisuwa ta ce, "Baffa, an kafe sunayen malaman da za su duba furojet ɗinmu, an ce kowa ya miƙa zaɓinsa kafin Litinin. Wanne zai fi taimaka mini in samu shiga likitanci?"

Ta lissafa mini uku. Akwai ɗakin binciken wani farfesa mai suna, inda ake aikin ƙwayoyin gado da na'urar PCR. Akwai malamin da ɗalibansa ke gwada ruwan ganyaye a kan bakteriya. Akwai kuma mai nazarin tsutsotsin da ke rayuwa a jikin mutum, wanda aikinsa na ƙauye ne da madubin likita. Na yi shiru har ta zaci layin ya yanke. Shekaru kusan 10 da suka wuce, a wata jami'ar daban, waɗannan ƙofofi uku ne aka buɗe mini, kusan ba bambanci. Na ce mata ta ba ni kwana biyu. Abin da ke biye shi ne abin da na tuna a cikin kwanakin nan, da abin da na iya gaya mata.

Sai mun fara da gyara tambayar, domin akwai ruɗanin da intanet ke jefa yaranmu a ciki. A Amurka ba a shiga makarantar likitanci sai an gama digiri na farko, an zauna jarrabawar MCAT, kuma masu tantancewa suna duba ɗakin binciken da ɗalibi ya zauna da wasiƙar da malaminsa ya rubuta a kansa. Shawarwarin da ke yawo a waya yawanci na can ne. A Nijeriya tsarin daban yake. Likitanci karatu ne na shekara 6 da ake shiga daga sakandare ta jarrabawar JAMB, kuma hukumar MDCN ce ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Masu nema sun ninka gurabe nesa ba kusa ba. Wanda bai samu ba akan tura shi nazarin ƙananan halittu, ko sinadaran jiki, ko ilimin halittu, ya karɓa da niyyar ya gama ya dawo ta ƙofar shiga kai-tsaye da ake kira DE, a fara da shi daga aji biyu. A wannan ƙofar abin da ake dubawa shi ne matakin digirinka, da sakamakonka na sakandare a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, da kuma ko akwai gurbi. Yawancin makarantu ba sa sauraron wanda bai kai mataki na biyu na sama ba, wato maki 3.50 cikin 5, wasu ma sun fi son mai mataki na ɗaya, daga 4.50. Ni dai da na nema, babu wanda ya tambaye ni sunan ɗakin da na yi bincike.

Don haka furojet yana shafar burin likitanci ta hanya biyu kawai. Ta farko lissafi ce: darasi ne mai nauyi, yakan kai raka'a 4 zuwa 6, kuma ga wanda makinsa ke kan iyaka, bambancin A da C na iya zama bambancin shiga da rashin shiga. Ta biyu ba a rubuta ta a takarda: irin mutumin da shekarar za ta mai da kai. Matsalar ita ce waɗannan hanyoyi biyu ba kullum suke nuna ƙofa ɗaya ba.

Ƙofofin uku kamar yadda na same su

Ɗakin farfesa shi ne wanda kowa ke hange. Yana da na'urar sanyaya ɗaki, da firji mai tsananin sanyi, da ƙofar da ba a shiga sai da farar riga. PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1993, tana ninka ɗan guntun ƙwayar gado sau miliyoyi har a iya ganinsa. A lokacinmu, kafin annobar korona ta 2020 ta sa sunanta ya shiga bakin kowa, ganin na'urar ma abin labari ne. Sai dai da na zauna da waɗanda suka riga mu, na ji wani abu. Sinadaran da dala ake sayo su, kuskuren hannu ɗaya na iya ƙona kuɗin da ya fi kuɗin makarantar ɗalibi, saboda haka ba a barin ɗan aji huɗu ya taɓa. Yakan kawo samfur, ya tsaya bayan wani mai digiri na uku yana kallo, a ƙarshe a ba shi hoton sakamako ya manna a babi na huɗu. Farfesan kuwa yana tafiye-tafiye. Wani ya ce mini sau biyu ya gan shi a shekarar, na biyun ranar sa hannu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ƙofa ta biyu hanya ce da sawu ya daddale. A samo ganyen zogale, ko darbejiya, ko bagaruwa, a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa a ruwa ko a sinadari, a ɗiga a farantin da aka shuka bakteriya, washegari a auna faɗin da'irar da ƙwayoyin suka kasa tsirowa. Mako shida an gama, kuɗi kaɗan, ga kundayen waɗanda suka gabata jibge a ofishin sashe. Ba na raina wannan fanni. Maganin zazzabin cizon sauro da muke rubutawa kullum, atemisinin, daga ganye Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da shi a Sin a farkon shekarun 1970. Amma su tambaya suke bi. Mu kuwa sau da yawa sunan ganye kawai ake sauyawa, sauran shafukan su tsaya yadda aka gada.

Ƙofa ta uku ofishi ne ƙarami a ƙarshen baranda, na wata malama da ba ta kai farfesa ba. Kayan aikinta madubin likita biyu ne, ɗaya ma sai an juya shi ga hasken taga, da na'urar juya ruwa ta hannu, da kwalaye cike da ƙananan kwalabe. Da na gaya mata garinmu, sai ta ajiye alƙalami ta ce, "Malam Madori? Kun yi iyo a kududdufi kuna yara?" Na ce mun yi. Ta ce, "Ka taɓa fitsarin jini?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To zauna."

Abin da na sani ban san na sani ba

Garinmu ɗan jirgin ƙasa ne. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, shi ya raya shi da cinikin gyaɗa, yau kuma riɗi ya karɓi wurin gyaɗar. Muna kan tudu, amma tafiyar ɗan lokaci kaɗan ce ta kai ka Haɗeja da fadamunta, kuma kowane gida yana da dangi ko gona a bakin ruwa. Ina ɗan shekara 11 na ga jini a ƙarshen fitsarina. Ban tsorata ba, domin rabin abokaina sun riga ni gani. Manya suka ce tsargiya ce, zafin rana ne, wasu ma suka ce alamar girma ce. Aka jiƙa mini wani sassaƙe, daga baya wani ma'aikacin lafiya ya ba ni wasu manyan ƙwayoyi masu ɗaci, abin ya wuce, na manta.

A ofishin Malama na koyi sunan abin. Tsutsa ce da likita Theodor Bilharz ya fara gani a Alƙahira a 1851, shi ya sa ake ce wa cutar bilhaziya. A 1915 Robert Leiper ya tabbatar, a Masar ɗin dai, cewa sai ta bi ta jikin dodon koɗi na ruwan daɗi kafin ta kama mutum. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, dubbai su fito suna iyo, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko wanka yake, ko su, ko dashen shinkafa. Ba sai an sha ba. Manyan tsutsotsin su zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan da ya fita da fitsari shi ke kawo jinin; wanda ya maƙale a nama shi ne babbar ɓarna, domin shi ke sa tabo, ya toshe hanyar fitsari, ya lalata ƙoda, a wasu kuma ya share fagen sankarar mafitsara bayan shekaru masu yawa.

Ta kuma nuna mini yadda ruwan yankinmu ya sauya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun mai da kogin Haɗeja, wanda da yakan cika da damina ya janye da rani, ya zama mai gudu duk shekara. Ga magudanan noman rani na yankin Auyo, ga ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa Kirikasamma da Guri. Ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyayi, wanda ba ya ƙafewa, shi ne aljannar dodon koɗi. An ga haka a wasu wurare: a Ghana bayan tafkin Volta ya cika a shekarun 1960, da kuma a Richard Toll ta Senegal bayan madatsar Diama ta 1986, cutar ta bazu inda da ba ta da ƙarfi. Shinkafar da ke ciyar da mu da cutar da ke cin yaranmu daga magudana ɗaya suke fitowa.

Na fita daga ofishin na riga na zaɓa, ko da yake na yi kwana uku ina yi wa kaina ƙaryar cewa ina auna wa. Abokina na kusa, wanda muke ɗaki ɗaya kuma muke buri ɗaya, ya ɗauki ganyen bagaruwa. Ya ce mini, "Kai dai ka cika son wahala. Digiri muke nema mu wuce." Ba ƙarya ya faɗa ba.

Kuɗin riɗi

Aikin ƙauye yana cin kuɗi ta inda ba a zata: mota, kwalabe, safar hannu, takardar gwajin jini a fitsari, matatai. Baba ya sayar da riɗin da ya ɓoye yana jiran farashi ya tashi. Bai tambaye ni bayani ba, ya dai ce, "Wannan ɗin zai kai ka likitancin?" Na ce in sha Allahu. Na san amsar ta fi haka tsawo.

Kafin in taɓa kwalba ɗaya, Malama ta sa ni bin ƙofofin da ban san da su ba: takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da ta hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, da gaisuwa wurin dagaci da bulama, da zama da iyaye a ƙofar makaranta ina bayani da bakina. Sannan ta kafa sharaɗin da ya kusa sa ni kuka don jinkirin da ya jawo: ba za a karɓi fitsarin yaro ko ɗaya ba sai an tabbatar da inda maganin zai fito ga duk wanda aka samu da cutar. Maganin, firazikwantel, ana ba da shi sau ɗaya bisa nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo, kuma yana zuwa kyauta ta shirin rabon magani a makarantu. Sai da na yi sawu huɗu kafin jami'in da ke kula da shirin ya amince ya ware mana. Ta ce, "Wanda ya gano cuta a jikin ɗan mutane ya tafi da lambar ya bar yaron, ba bincike ya yi ba, kwasa ya yi."

Fitata ta farko na yi ta ni kaɗai, ina jin kaina. Hedimastan wata firamare a bakin fadama ya ce ya fi masa sauƙi a gama da sassafe kafin a shiga aji. Na ga ba laifi. Da ƙarfe 8 na raba kwalabe, kafin 9 na haɗa kayana, na bi makarantu biyu a haka cikin mako, ina ɗaukar samfur zuwa jami'a a motar haya, wani sai washegari nake dubawa. Ƙwai kaɗan na gani. Na zana jadawali mai kyau, har na fara rubuta cewa da alama cutar ta ja baya a yankin.

Malama ta karanta shafin a tsaye. Tambaya ɗaya ta yi: "Da ƙarfe nawa ka karɓi fitsarin?"

Na faɗa mata. Ta miƙo mini littafin hanyoyin gwaji ta ce in karanta da ƙarfi. Ƙwan tsargiya ya fi fita da tsakar rana, shi ya sa ake karɓar fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Kuma samfurin da zai kwana sai an ɗiga masa fomalin, in ba haka ba ƙwan na iya ƙyanƙyashewa ko ya lalace. Na karanta wannan shafin watanni biyu kafin nan. Na san shi, na bar shi don kunyar musa wa dattijo.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kuɗin ya kusa ƙarewa. Ko a rubuta a matsayin naƙasun bincike?" Ta ce, "Ɗana, naƙasu shi ne abin da ba ka da iko a kansa. Wannan kuskure ne. Idan ka rubuta cewa cutar ta ragu, wani ya karanta ya cire ƙauyen daga jerin masu karɓar magani, wa zai biya?" Ta ɗauki jadawalin ta ja masa layi biyu, amma ta hana ni yaga shi. Ta ce ya zauna a littafin aikina da kwanan wata da dalilin sokewa.

Mako uku da rabin kuɗin riɗi suka tafi a haka. Na koma wurin Baba. Wannan karon Inna ce ta sayar da tunkiyarta, ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

A zagaye na biyu Malama ta zo da kanta kwana biyu na farko. Ta roƙa mana aron teburi a wani ɗakin gwaji a Haɗeja domin a duba komai a ranar. Ta zauna kusa da ni tana nuna mini yadda ake tace mililita 10 na fitsari, a ɗora matatar a gilashi, a bi fili-fili ana ƙirga. Ƙwai 50 ko fiye a wannan awo shi ne kamu mai tsanani. Ranar da na fara ganin ƙwan da idona, dogo kamar ƙwayar shinkafa da ƙaya ɗaya a gindinsa, ɗan cikin yana motsi, sai da na ɗaga kai na nemi iska. Makarantun da na ce sun warke, ga su cike. Kwalaben lamba ce a jikinsu, ba suna, don kada sani ya ja ido. Da muka buɗe rajista domin rabon magani, ɗaya daga cikin masu kamu mafi tsanani ɗan gwaggona ne, yaron da nake ba kuɗin alewa duk sallah. Fitsarinsa a ido garau yake, ba wanda ya taɓa zargin komai.

Ta sa ni kuma na rubuta waɗanda ban gani ba. 'Yan mata kaɗan ne suka kawo kwalba, wasu don kunya, wasu iyaye ba su yarda ba, wasu ba sa makarantar ma. Almajirai da yaran makiyaya da na masunta, waɗanda suka fi kowa zama a ruwa, ba sa cikin rajistar kowace firamare. Ta ce, "Wannan shi ne naƙasu. Rubuta shi a fili, kada ka ɓoye shi a shafin ƙarshe."

Abin da na biya, da abin da na samu

Ba zan yi wa mai karatu daɗin baki ba. Na miƙa kundina a makare, na shiga jarrabawar ƙarshe a gajiye, na samu B a furojet, darasi biyu kuma suka sauka ƙasa da yadda na saba. Na fita da mataki na biyu na sama da ƙyar. Abokina mai bagaruwa ya samu A, makinsa ya fi nawa, ya shiga likitanci a neman farko. Ni sai a na biyu, bayan shekara guda ina koyarwa a wata sakandare ina jira, ban san ko ƙofar za ta buɗe ba. Yau likita ne nagari, ya riga ni da shekara, kuma ban taɓa jin ya yi nadama ba. Duk wanda ya ce maka zaɓin wahala kullum shi ke biya, bai biya kuɗin makarantar kowa ba.

Abin da na samu sai daga baya ya bayyana. A ajin asibiti, malamai suna fama da mu a kan cewa sakamakon gwaji ba wahayi ba ne: wa ya ɗauki samfurin, yaushe, a wane mazubi, ya yi awa nawa a hanya? Ni an riga an koya mini wannan da tunkiyar Inna. Har yau idan takarda ta ce babu, jikin maras lafiya kuma yana cewa akwai, tambayar Malama ce ke fara zuwa mini.

Wata rana aka kawo wata matashiya daga wani ƙauyen fadama, an yi ta ba ta maganin ciwon sanyi ba sauƙi, har zargi ya fara shiga tsakaninta da mijinta. Na tambaye ta inda take wanki. Ta ce a magudanar ruwan shinkafa, tun tana yarinya. Tsargiya tana kama al'aurar mata da mahaifa, ta zo da ciwon mara da zubar ruwa da jini, ta yi kama da cutar da ake ɗauka ta jima'i, kuma sau da yawa ba a tunaninta. Na gaya wa babban likitan da nake ƙarƙashinsa, aka bincika, aka ba ta maganin da ya dace. Ban gano wani sabon abu ba. Yana cikin littattafai. Na dai tuna 'yan matan da ba su kawo kwalba ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa shawararta, ta ce inda cutar ta kai kashi 10 cikin 100, a riƙa ba kowa magani duk shekara tun daga ɗan shekara 2, har manya, ba 'yan makaranta kaɗai ba. Da na karanta, shafin naƙasun kundina na tuna.

Abin da na gaya mata

Ranar Juma'a na kira 'yata. Na ce ba zan zaɓa mata ba, domin ɗakunan da na sani ba su ne nata ba, ko da sunayensu sun yi kama. Na ce ta bar kallon na'ura da muƙami, ta nemi waɗanda suka gama bara a hannun kowane malami, ba a gabansa ba, ta yi musu tambayoyi.

Sau nawa suka zauna da shi, kuma da aikinsu ya lalace wa suka samu? Hannun wa ya yi aikin, nasu ko na wani? Za su iya faɗin tambayar da bincikensu ya amsa a jimla ɗaya, da Hausa, yadda kakarsu za ta gane? Nawa suka kashe, ba nawa aka ce za su kashe ba, kuma wa ya biya sinadarai? Aikin yana jiran wani abu da ba ya hannun ɗalibi, kamar damina, ko hutun makarantu, ko kayan da za a yo oda daga waje, ko wutar lantarki? Wanda ya ga yajin aikin jami'o'i na wata 8 a 2022 ya san kalanda ba ta da alkawari. Idan a jikin mutane za a yi, me suke samu bayan an tafi? In aikin ya kai a buga shi a mujalla, sunan wa ke fita? Na ba ta labarin Charles Best, wanda bai daɗe da gama digirinsa na farko ba ya shiga aikin insulin tare da Frederick Banting a Toronto a 1921. Kyautar Nobel ta 1923 ta tafi ga Banting da shugaban ɗakin binciken, John Macleod. Banting ne ya raba kuɗinsa da Best don ya ga an ƙware shi. Best ya ci gaba ya zama likita. Ɗalibi na iya yin aikin gaske, kuma ana iya manta shi. Ya danganta da wanda yake tsaye kusa da shi.

Na ƙara da abin da Malama ba ta gaya mini ba, da na so a ce wani ya gaya mini: ta zauna da takarda ta lissafa makinta. In C ɗaya zai fitar da ita daga matakin da take buƙata, to ta san abin da take sa wa a caca, kuma ta san kuɗin wa ne. Zaɓen hanya mai sauƙi da ido buɗe ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ƙirƙirar lambobi, kuma matsin lokaci da rashin kuɗi su ne ke kai yaran kirki can.

A raina na so ta ɗauki tsutsotsi. Na so ta je fadama ta ga abin da na gani, ta shiga gidajen da ni namiji ban iya shiga ba, ta karɓo kwalaben da suka gagare ni.

Ranar Lahadi ta kira. Ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Malamin tsutsotsin zai tafi hutun bincike a tsakiyar shekara, ɗalibansa za a raba wa wasu. A ɗakin farfesa kuwa akwai wata mai digiri na uku da ke aiki a kan bakteriyar da ke jure magani. Tallafin bincikenta ne ke sayen sinadarai, kullum tana wurin, kuma 'yan bara sun ce ba ta barin kowa ya tsaya kallo, sai ya riƙe abin ɗiga da hannunsa har ya iya. Ta ce, "Baffa, can zan je. Ka yi haƙuri." Na ce ba abin haƙuri, amsar da ta samo ta fi wadda na shirya mata.

Makonni bayan haka, ina tsakiyar zagayen marasa lafiya, hoto ya shigo wayata: wani baƙin fili, layin awo a gefe yana haske, sauran gurabe babu komai. Gwajinta na farko bai fito ba. A ƙasa ta rubuta cewa sun bi matakan baya ɗaya-ɗaya ita da mai koya mata, suna zargin wani sinadari ya daɗe a waje lokacin da wuta ta ɗauke, za su sake ranar Talata. Hoto na biyu shafin littafin aikinta ne, da kwanan wata, da ƙarfe nawa ta fitar da kowane abu daga firji, da layi biyu da ta ja a kan sakamakon. Ba ta yaga shafin ba.

Na tura wa Malama hoton, wadda ta yi ritaya yanzu tana zaune da jikokinta. Da yamma amsarta ta zo: in tambayi yarinyar ko ta sa samfurin da aka tabbatar yana da ƙwayar a jerin, domin in ba ta sa ba, ba za ta san ko gwajin ne ya mutu ko ƙwayar ce babu ba. Na tura mata tambayar kamar yadda ta zo.